Dawunfayif a mota mai turbo: ɗaura bututun ba wuya, rigimar tana wajen sensa

Duk wanda ya taɓa kai motarsa gareji a ƙasar nan don ta rage ja ko ta fara shan mai ya san maganar da ake fara jefo masa, oga indominka ya toshe, a fasa a zubar kawai mota ta samu numfashi. Indomi dai shi ne sunan da makanikai suka laƙaba wa katalis, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, don in ka yanka gwangwanin ka leƙa za ka ga ƙananan ramuka a jere kamar taliyar da ba a jiƙa ba. To abin da zan warware yau ɗan uwan wannan aikin ne amma ba shi ba ne, wato cire bututun da ke fitowa daga bayan turbo, wanda masu harkar ke kira dawunfayif, a sa na kasuwa mai faɗi, sannan a mayar da sensoshin da ke jikinsa yadda kwamfutar mota ba za ta rikice ba. Da BMW 335i mai injin N54 zan riƙa misali, don ita na riƙe kuma a kanta na sha wuyar, amma yawancin maganar ta hau kan Golf GTI da Subaru WRX da sauran masu turbo na fetur.

Sai an fara gane me turbo yake yi kafin a gane dalilin da mutum zai kashe kuɗi a kan guntun bututun da bai kai tsawon hannu biyu ba. Hayaƙin da ke fita daga injin da zafinsa, wanda kan haura digiri 900 in ana taka totur sosai, shi ke juya wata ƴar fanka, ita kuma tana haɗe da wata fankar a ɗaya ɓangaren da ke cusa iska cikin injin da ƙarfi. Juyin nan ba na wasa ba ne, ana maganar sama da 150,000 a minti ɗaya. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, fankar hayaƙin ba ruwanta da yawan matsin da ke gabanta shi kaɗai, ita ninkin da ke tsakanin matsin gabanta da na bayanta take ci. Misali kawai, a ce tana buƙatar na gaba ya ninka na baya sau biyu da rabi kafin ta ba da iskar da ake so. In bayanta akwai matsi 1.5 saboda katalis ya tare hanya, dole gabanta ya kai 3.75. Ka buɗe hanya na baya ya sauko 1.1, sai na gaba ya dawo 2.75. Ka ga ka rage 0.4 a baya amma ka samu sauƙin 1 cif a gaba, a daidai inda fistin ke fama ya turo hayaƙi waje. Shi ya sa turbo ke saurin tashi, zafi ya ragu a kan injin, mota ta riƙa amsawa tun daga ƙasa. Kuma shi ya sa mai Corolla da ya fasa indominsa ba ya ganin komai sai ƙara da wari da wutar cek injin, don shi ba shi da fankar da za ta ninka masa ribar.

Kamfani ba don rashin sani ya matse wurin ba. Katalis ba ya fara aiki sai ya yi zafi wajen digiri 250 zuwa 300, kuma mafi munin hayaƙin mota a mintocin farko bayan an tayar da ita da safe yake fita, don haka sai suka manna shi a bakin turbo inda zai yi saurin ɗaukar zafi. A cikinsa akwai ɗan abin da aka shafa na filatinam da faladiyam da rodiyam, su ne ke mayar da iskar kabon monoksaid da ɗanyen man da bai ƙone ba da gubar naitirojin su koma abin da bai kai su illa ba, su ne kuma dalilin da ya sa ƴan gwangwan ke bin gareji gareji suna tambaya ko akwai indomi. Na kamfani yawanci ramuka 400 zuwa 600 ne a kowane inci murabba'i, na kasuwa da ake ce wa mai sakin hanya yawanci 200 ne kuma na ƙarfe, akwai kuma wanda babu komai a ciki, zallar bututu, faɗin inci 3 wato milimita 76.

N54 ta fito a 2006, lita 3 ce, silinda shida a jere, da ƙananan turbo biyu na Mitsubishi, ɗaya na cin hayaƙin silinda 1 zuwa 3, ɗaya na 4 zuwa 6. Ma'ana dawunfayif biyu, katalis biyu a jikinsu, sensa huɗu. Riƙe wannan huɗun, za mu dawo kansu. N55 da ta gaje ta turbo ɗaya ne da bututu ɗaya da sensa biyu, aikinta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Wajen saye ba zan daɗe ba. Ka tabbata na injinka ne kuma na ɓangaren sitiyarinka, don na motocin Ingila masu sitiyari a dama lanƙwasarsa kan bambanta, sandar sitiyari ta bi ta inda bututun yake. Ƙarfen ya zama sitenles 304, ka leƙa waldar ta ciki ka gani ko ta bar tsiro, ka ɗora bakin a kan gilashi ko tayil ka ga ya zauna daram ba ya rawa. Sannan ka ƙirga ramukan sensa ka duba inda suka kalla. Masu walda a Panteka ko Ƙofar Ruwa za su iya lanƙwasa maka bututu, hannunsu na da kyau wallahi, amma bakin da ke haɗuwa da turbo a injin yanka ake fitar da shi, gara ka sayo shi ko a yanko daga tsohon. Gaskit sabo, noti sabo, in da hali har maɗaurin sabo, kar ka yarda da a mayar da tsohon gaskit ɗin da ya riga ya mutu.

Ranar aiki mota ta kwana a garejin ta huce, ba ka zo da ita da zafinta a hau kwancewa ba. Tun daren a fesa wa notika da gindin sensoshi man sassauta tsatsa, da safe a ƙara. Motocinmu ƴan Beljiyam da yawa daga jihohin Amurka da Kanada masu dusar ƙanƙara suka zo, inda ake watsa gishiri a titi, sai ka ga noti ya zama kamar busasshen dabino, sifana na taɓa shi yana marmashewa. A cire kan batir. A kan rami ko lif za a yi, in kuma jak ne to da ƙafafun ƙarfe, ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak da bulo. A 335i wurin a matse yake ƙwarai, sai an cire murfin ƙasa da faifan kare zafi, da yawa ma sai sun sassauta rak ɗin sitiyari sun ɗan tura shi kafin bututun ya samu hanyar zamewa, mai jan ƙafa huɗu kuwa ta fi wahala don ƙarafan gaba sun ƙara cike wurin. A bakin turbo wani maɗauri ne zagayayye mai kwari a ciki kamar harafin V, noti ɗaya ke riƙe shi, amma ko ka cire notin yakan ƙi saki don zafi ya gasa shi shekara da shekaru, sai an sa sukundireba an ɗan buga a hankali. A hankali fa, don abin da ke bayansa turbo ne.

To ga inda nake so a tsaya a nutsu, sensa. Sensar iskar oksijin Bosch ne suka fito da ita, Volvo suka fara sa ta a mota a 1976, aikinta ta shinshina hayaƙi ta gaya wa birenbos, wato kwamfutar mota, ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Fetur na ƙonewa daidai in iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, wannan shi ake kira lamda 1. Ta gaban katalis da ta bayansa zarensu ɗaya ne, milimita 18, soket 22 ke kwance su duka, kowace za ta shiga ramin kowace, amma ba abu ɗaya ba ne sam. Ta gaba a irin waɗannan motocin mai faɗin awo ce, waya biyar, tana faɗin ainihin adadin cakuɗin, da ita kwamfuta ke auna man da za ta ba nozul a kowane lokaci, ita ce idon injin. Ta baya mai waya huɗu ce, ita abu biyu kawai ta sani, mai ya yi yawa ta haura wajen bolt 0.9, ya yi kaɗan ta sauko wajen 0.1. Babban aikinta gadin katalis. Katalis mai lafiya yana ajiye oksijin yana saki, don haka hayaƙin da ya wuce ta cikinsa a kwance yake, layin sensar baya sai ya tsaya kusan miƙe wajen 0.6 zuwa 0.7. In katalis ya mutu ko babu shi, sai ta fara hawa da sauka tana kwaikwayon abin da ke faruwa a gaba, kwamfuta na ganin haka ta san an taɓa mata kaya, ta jefo lambar matsala P0420, in layi na biyu ne, wato silinda 4 zuwa 6, P0430, a yaren BMW kuma 29F4 da 29F5. Tun 1996 da Amurka ta wajabta tsarin OBD na biyu, wanda mota ke gano matsalarta da shi ta ba da lamba, kowace motar fetur da aka sayar can tana da wannan gadin. Kuma a motoci da yawa ta bayan tana ɗan gyara wa ta gaba karatu in ta fara tsufa, don haka masu cewa cire ta ka jefar ba ta da amfani ba su faɗi daidai ba.

Kafin a taɓa sensa da soket, a fara zare fulogin wayarta daga sama, a fito da wayar daga ƴan maƙalanta ta zama sake. Abin da yaran gareji suka saba shi ne su bar ta a jone su yi ta juya sensar, waya na murɗewa kamar igiyar guga, a waje lafiya lau amma a ciki ta tsinke ko ta kusa, bayan sati biyu sai ga lambar hitar da ke cikin sensar, P0135 ko P0141, a ce maka sensa ta mutu sayo sabuwa. Soket ɗinta na musamman ne mai tsaga a gefe don waya ta wuce. In ta ƙi motsi, gara a cire bututun da ita a jiki a kai kan benci a ɗan gasa gindin ramin, ba jikin sensar ba. A cikinta akwai tangaran siriri da hita, in ta faɗi a siminti tana iya tsagewa ba ka gani ba. Ba a wanke bakinta da fetur, ba a goge shi da burushin ƙarfe, ba a fesa komai a cikin fuloginta, don wasu ta cikin wayar suke shaƙar iskar waje da suke gwada hayaƙin da ita, shi ya sa ma ba a son a yanke wayar a yi mata dalma. In sabon ramin ya yi nisa waya ba ta kai ba, akwai jona ta musamman mai fulogi a kowane kai, ita za a nema, ba mai wayarin ya ƙara da wayar rediyo ya naɗe da salatif ba. Ta gaban ma akwai ɗan resista a cikin fuloginta da aka daidaita shi da ita tun daga kamfani, ka yanke fulogin ka jona wani, karatunta ya tashi daga aiki.

Sai gam. Makanikanmu na son jan gam ɗin silikon kamar me, komai sai an shafa. A nan haramun ne, hayaƙin silikon yana kashe sensa, ya bar mata farin gari a baki. Man hana kamewa kuma a jikin zaren kawai za a shafa, ɗan kaɗan, kar ya taɓa ramukan bakin, sabuwar sensa ma da nata take zuwa. A fara ɗaura ta da yatsu ta shiga zagaye uku huɗu ba gardama kafin a sa ƙarfe, don ramin sabon bututu wani lokaci walda ta ɗan karkatar da zaren, in ka tilasta ka cinye zaren sensar da ta fi gaskit da noti duka tsada. Ƙarfin ɗaurin yana tsakanin 40 zuwa 55 a ma'aunin Nm gwargwadon mota, ba a hawa kan sifana da ƙafa. In kuma mai walda ne zai huda ramin, bakin sensar ya kalli ƙasa, wato ta shigo daga sama ko daga gefe da tashin aƙalla digiri 10, saboda ruwan da ke taruwa a salansa da safe kar ya kwanta a cikinta, hita ta yi zafi ruwa ya taɓa tangaran ya fashe.

Yanzu ga abin da ya same ni. Mun gama ɗauri wajen la'asar, an mayar da batir, na tayar da mota ta tashi lafiya, sautin ya yi kauri har ana jin ƴar fitar turbo, ina ta murmushi. Ba a yi minti biyu ba silo ya fara rawa, mota na jijjiga kamar mai zazzaɓi, hayaƙi na yaji a ido. Ogan garejin ya ce koyil ne, dama N54 ta saba. Na ce oga koyil ɗin da lafiyarsa ƙalau da safe? Muka jona sikana, sai ga gyaran mai, wato ƙari ko ragin man da kwamfuta ke yi, na layi na ɗaya ya tafi can sama, na layi na biyu ya nutse can ƙasa, kowane ya kai maƙura. Nan ogan ya yi shiru, ya juya ya kira yaronsa, kai zo nan, da ka zare fulogan nan ka sa musu alama? Yaron ya sunkuyar da kai ya ce oga ai duk iri ɗaya ne. Iri ɗaya ne kuwa, matsalar kenan. Sensar bututun layi na ɗaya ta koma na layi na biyu, ta na biyu ta dawo na ɗaya. Kwamfuta ta ga layi na ɗaya na son ƙarin mai ta ƙara, amma hancin da take saurare yana cikin hayaƙin layi na biyu, ba ta ga canji ba sai ta ƙara ƙarawa, can kuma tana ta ragewa, silinda uku na nutsewa a mai uku na mutuwa da ƙishi. Da a ce na fita titi na taka a haka, ukun da ba su da mai ne za su iya ƙona fistin. Salatif kala biyu da hoto ɗaya a waya kafin a kwance da sun raba mu da wannan. Sai da muka jira ta huce muka sake shiga rami da tocila bayan magariba, ni da na ce zan je ɗaurin aure da yamma.

Wajen mayar da bututun ma akwai dabara, kar a ƙulle komai sai komai ya hau. A rataya shi a bakin turbo da maɗaurin a sake, a sa notikan ƙasa da na ƙarfen da ke tallafe shi da hannu, a jijjiga ya zauna, a duba ko ina akwai tazarar yatsa tsakaninsa da bodi da ɗan uwansa, sannan a fara ƙullewa daga turbo zuwa ƙasa. Maɗaurin nan yana yaudara, zai yi kamar ya kama alhali leɓe ɗaya ne ya shiga kwarin, don haka a bi shi da yatsa ko madubi a zagaye, ana ɗaurewa ana ɗan ƙwanƙwasa shi. Ƙarfen tallafin kuma kar a ce ba dole ba ne a jefar, in babu shi nauyin salansa duka a wuyan turbo zai rataya, ga ramukan titinmu. Yoyon hayaƙi kusa da sensa ba ƙara kawai yake jawowa ba, yana zuƙo iskar waje tsakanin bugun hayaƙi, sensa ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta yi ta ƙari, mota ta koma shan mai kamar rijiya har da P0171. Da an tayar da ita tana sanyi a bi mahaɗan da ruwan omo ko a kusanto da bayan hannu, in akwai yoyo za ka ji tas tas tas, bayan kwana biyu kuma ka ga baƙin toka a wurin. Faifan kare zafi duk a mayar, wayoyin sensa a koma da su cikin maƙalansu nesa da ƙarfe, don sabon bututun siriri ne ya fi na kamfani fesa zafi. Hayaƙin da zai tashi a jikinsa a rana ta farko maiƙon hannu ne da na masana'anta ke ƙonewa, ba abin tsoro ba ne. Bayan mota ta yi zafi ta huce sau biyu uku a koma a sake taɓa notikan.

Kar ka yi murna don ka baro gareji dashbod fes. Kwamfuta ba ta gwada katalis sai injin ya yi zafi an yi tafiya a miƙe, kuma sai ta kama laifin a tafiya biyu a jere kafin ta kunna wuta, shi ya sa sai bayan kwana biyu ko uku, kana kan hanyar Zariya hankali kwance, sai ga ta ɗau. Mai katalis 200 wani lokaci ya tsira wani lokaci bai tsira ba, wanda babu komai kuwa tabbas sai ta kama. Abin da ake yi a kasuwa shi ne a sa wa sensar baya wani ɗan ƙarfe mai janye ta daga tsakiyar hayaƙi, sifesa, don ta riƙa jin abin sama sama. Yana yi a wasu motocin, a wasu kuma kwamfuta ta fi shi wayo, ta ga sensar ta yi nauyin amsawa ta jefo P0139, ka gudu daga wata wuta ka faɗa wata. Kuma ko da wasa ba a sa wa ta gaba sifesa. Mafi muni shi ne a bar wutar a kunne a ce ai mun san dalilinta, ko a cire ƙwan, don ranar da wata matsala ta gaske ta zo, nozul ya fara yoyo ko famfon mai ya gaza, wa zai gaya maka?

Wannan ya kawo mu tunin, wato sake wa birenbos lissafi. Bututu shi kaɗai ribarsa kaɗan ce, don kwamfuta na da adadin matsin iskar da aka ce ta tsaya a kai, a N54 wajen psi 8, da ta kai sai ta buɗe ƴar ƙofar da ke karkatar da hayaƙi ya kauce wa fankar. Ribar gaske sai an ɗaga wannan adadin, shi ne abin da ake kira mataki na biyu, masu N54 da yawa da manhajar MHD suke yi ta waya, wasu da akwatin JB4. A wasu motocin ma tunin ɗin ba zaɓi ba ne, Subaru WRX an san ta da haka, in ka buɗe mata baya ƴar ƙofar ba ta iya zubar da hayaƙin da ya isa, matsi ya yi ta hawa shi kaɗai ya wuce inda aka tsara, in ka yi sa'a kwamfuta ta yanke mai ta jefo P0244, in ba ka yi ba injin ya tafi. Amma ga tarkon da ya shafe mu kai tsaye, lambar mai, wato awon yadda fetur ke jure matsi ba tare da injin ya yi ƙwanƙwasa ba. In ka ga taswirar tunin, wato lissafin da ake ɗora wa kwamfuta, an rubuta 91 ko 93, lissafin Amurka ne, 91 ɗinsu shi ne wajen 95 a ɗaya ma'aunin da ake kira RON, 93 kuma RON 98. Man gidajen manmu a RON ake auna shi kuma wajen 91 yake, wato ƙasa da mafi ƙanƙantar taswirar. Mutum ya ga 91 ya ce ai namu ne, ya ɗora, ga zafin Afrilu digiri 40 da wani abu, ga kulan da ke sanyaya iskar turbo na kamfani ƙarami, injin ya fara ƙwanƙwasa a ciki kwamfuta na ta janye wuta, wato jinkirta tartsatsin da ke kunna mai, tana ceton rai. Ni a nawa ganin in ba za ka iya ɗaukar bayanan tafiya ka karanta yadda take janye wutar ba, ko ba ka da mai yi maka taswira daidai man da kake sha, to ka bar matsin inda kamfani ya ajiye shi.

Wani abin da ba a gaya wa mutane, katalis yana rufa wa tsohon turbo asiri. Turbo da ya fara sakin baƙin mai kaɗan kaɗan, katalis na ƙone shi ba ka gani, ranar da ka cire sai ga shuɗin hayaƙi a danja, ka ce bututu ya lalata min turbo, alhali dama can a lalace yake. Haka ƙarar kacau kacau ta ƴar ƙofar hayaƙi da N54 ta yi suna a kai, da a rufe take, yanzu kowa a layinku zai ji. Don haka tun bututun na ƙasa a haska bakin turbo, a taɓa fankar a ji ko tana lilo, a duba ko akwai jiƙar mai.

Batun a sa mai katalis ko marar shi, ni na zaɓi mai shi kuma ko yau shi zan sake zaɓa. Bambancin ƙarfinsu a ƙananan turbo na kamfani ba wani abin a zo a gani ba ne, amma bambancin wari babba ne, marar katalis in ka tsaya a go-sulo warin ɗanyen mai har cikin mota, kaya su ɗauka, iyali su yi ta tari a baya, mai babur da ke bayanka kuwa shi ke shanye sauran. Kabon monoksaid ɗin nan shi ne dai na janareta da muke jin yana kashe mutane a ɗaki, kuma ba shi da wari, warin da kake ji na wani abu ne daban. A Amurka dokar tsaftar iska ta hana cire katalis a motar da ke hawa titi, shi ya sa ake rubuta wa irin waɗannan bututun cewa na filin tsere ne kawai, a Ingila mota ba ta cin gwajin lafiyar mota na MOT in an cire shi, mu ma nan hukumar kare muhalli ta NESREA na da ƙa'idar hayaƙin mota tun 2011, rashin tsayar da kai a hanya bai sa ta zama babu ba.

Tsohon bututun kuma kar ka bar shi a gareji ko da an ce maka shara ne, a sa maka shi a but a gabanka, ka leƙa da tocila ka tabbata indomin na ciki ba a fashe ba. Kuɗi ne, kuma ranar da za ka sayar da motar mai saye zai zo da sikana, ko kai da kanka ka gaji da ƙarar ka so komawa yadda take. Nawa biyun suna sito cikin buhun shinkafa, na rubuta gaba da baya a jikinsu da fenti, na ɗaura musu tsofaffin maɗauran da waya don kar su ɓace.